Tara Bisa Ashirin

Shekarar da aka gina sababbin azuzuwa uku a lakwal ɗin unguwarmu ta Madarumfa, wato makarantar firamare, ƙungiyar iyayen yara ta yanke cewa za a sa wa ginin sunan ɗaya daga cikin tsofaffin malamai. Mutum biyu suka rage a takara. Akwai Mushe Mahaman (Mushe muke ce wa malami namiji), wanda ya koyar da lissafi har gashin kansa ya ƙare, akwai kuma Madam Bilkisu, tsohuwar darakta, wato shugabar makarantar, wadda tun kafin a sa ranar zaɓe ta kai wa tela shaddar da za ta sa ranar buɗe ginin.

Hujjarta guda ce, amma babba: Dakta Nasiru Salisu, ɗan wani manomi daga Safo, wanda ya zauna ajinta shekara biyu, yanzu kuma yana Turai yana binciken ƙwaƙwalwa da ciwon farfaɗiya. Duk inda Madam ta zauna, gidan suna ne ko gidan rasuwa, sai ta san yadda ta jawo zancen.

"Ƙwaƙwalwar da yake binciken ƙwaƙwalwa da ita," in ji ta, "ni na ɗora mata tubalin farko."

Wata Talata ta shiga shagon Isa mai fotokopi, ta tarar da Mushe Mahaman zaune a benci yana fifita da hularsa. Isa ɗan ajin su Nasiru ne, ya haura arba'in, har gemunsa ya fara furfura, amma in ya ga Madam sai ya miƙe tsaye ya ɓoye hannu a baya.

"Madam darakta, gara da kika zo," in ji Mushe Mahaman. "Ɗiyata ta Yamai ta ce masu bincike suna da lamba a intanet, wadda ake auna ƙoƙarinsu da ita. Na ce Isa ya duba mana ta ɗan naki."

"A duba mana. Isa, buɗe."

Isa ya danna odinatarsa, wato kwamfuta, hoton Nasiru ya fito da farar riga. A gefe ga wata lamba.

"Tara," in ji Isa.

To, mu tsofaffin malaman lakwal muna da wata cuta da ba ta jin magani. Duk lambar da muka gani kusa da sunan mutum, sai mu ɗora ta bisa ashirin. Goma shi ne moyen, makin tsira. Wanda ya gaza kai shi ya faɗi, sai maimaita aji. Madam Bilkisu ta ji kamar an watsa mata ruwan randa a baya.

Mushe Mahaman ya mayar da hularsa a hankali. "Tara. Allah sarki. Saura maki ɗaya ya tsira. Ai ya yi ƙoƙari, tunda tubalin farko ne ya karkace."

"Mushe, a shekara talatin da biyu ba a taɓa samun yaron da na riƙe da hannuna ya kwana ƙasa da moyen ba. Yaushe ne zaɓen?"

"Saura mako uku."

"Ranar za a buɗe na'urar nan gaban jama'a. In ba ta nuna goma sha biyu ba, a sa sunanka, ni zan fara tafi."

Da Mushe ya fita, Isa ya yi gyaran murya. "Madam, ba bisa ashirin ba ne fa. Ma'anarsa, yana da takardu tara da ya wallafa, kowace an ambace ta aƙalla sau tara cikin rubutun wasu masana."

"Wato in an rubuta sunansa da abin da ya faɗa, makin ya hau."

"E, amma masu rubutun sai sun kasance..."

"Isa, da kana ajina nawa kake samu a dikte, in ina faɗa kuna rubutawa?"

"Huɗu, Madam."

"To bar mani wannan."

Madam tana da ajin yaƙi da jahilci a tsakar gidanta, mata ashirin da uku, ranakun Laraba da Asabar bayan la'asar. Washegari ta raba musu sababbin kaye na rubutu da alƙaluman bik, ta rubuta a allo da manyan baƙaƙe: Kamar yadda Dakta Nasiru Salisu ya faɗa, ƙwaƙwalwa tana cikin kai.

"Kowace sau ɗari," in ji ta. "Ban son gogewa."

Asabe mai suyar kifi, wadda suka tashi tare da Madam tun suna ɗaukar talla, ta karanta jimlar da kyar, harafi bayan harafi. Da ta kai ƙarshe sai ta ajiye bik.

"Bilki, wanga abu sai da ya tahi Turai ya gano shi?"

"A aji sunana Madam."

"To Madam, ni kullum sai na fasa kan kifi hamsin. Da ya tambaye ni, da na hutar da shi kuɗin jirgi."

"Asabe, sau ɗari da hamsin."

Kwana huɗu matan nan suna rubutu. Tuwo ya ƙone a gida uku. Mijin wata mai suna Kulu ya zo har ƙofa yana tambayar laifin da matarsa ta yi aka ba ta horo, Madam ta miƙa masa kaye shi ma. Ya rubuta layi goma sha ɗaya kafin ya tuna cewa ba ɗalibinta ba ne.

Ranar Litinin ta ɗora kaye ashirin da huɗu a ka, ta sauke su a teburin Isa.

"Ambato dubu biyu da ɗari uku da sittin da ɗaya. Nuna mata."

"Wa, Madam?"

"Na'urar. Ba ga idonta nan a sama ba?"

Isa ya dubi fuskarta, ya ɗauki kaye na farko. Haka ya tsaya yana buɗe wa odinata kaye shafi bayan shafi, masu jiran fotokopin takardar haihuwa suna kallonsa ta taga. Da aka gama ya danna. Tara.

"Madam, abin da nake son faɗi tun ran nan ke nan. Sai rubutun ya zama wanda aka wallafa, ya fita duniya, an kuma tantance shi."

Madam ta buga goshinta. Ita da ta yi shekara goma sha biyar tana darakta, yaya aka yi ta manta? Takarda marar hatimi ai ba takarda ba ce. Ta koma gida, ta kwance ƙullin da ke ƙasan akwatinta, ta fito da tsohon hatimin darakta da ta manta ta mayar ranar da ta yi ritaya, mantuwar da ta shekara tara tana yi. Isa ya buga mata kofi ɗari biyu na shafin Kulu, don ita ta fi kyan hannu. Madam ta bi kowace takarda ta danna mata hatimi, ta sa hannu, ta sa kwanan wata. Sannan ta dama kokon rogo cike da bokiti.

Kafin azahar Madarumfa ta wallafu. An manna a ƙofar kasuwa, a tashar ƴan kabu-kabu, a jikin itatuwan bakin tabki, a bayan amalanken jakai masu zuwa Safo da Sarkin Yamma, don binciken ya ƙetare gari. Abin da Madam ba ta sa a lissafi ba shi ne awaki. Akuya ba ta ganin kokon rogo ta wuce. Kafin magariba duk takardar da ke ƙasa da ƙirjin mutum an cinye ta, waɗanda suka fi tsayi kuma an yage musu gindi. A mafi yawansu abin da ya rage shi ne Dakta Nasiru, da ƙwaƙwalwa, da rabin hatimi.

Mutanen garinmu kuwa sun san ma'anar takarda mai hatimi da sunan dakta a kai. Washegari da safe Madam ta buɗe ƙofa ta tarar da layi har kwanar masallaci.

Na farko Ɗan Baba ne, tsohon masunci, riƙe da hannun matarsa.

"Madam, an ce likitan kai zai zo kyauta, kuma wurinki ake rubuta suna. Ga ta nan. Tana aje abu ta manta inda ta aje."

"Ƙarya yake, Madam," in ji matar. "Ni na kawo shi. Jiya ya tahi tabki ya bar taru a gida, ya dawo ya ɗauki taru ya bar wando."

"Wandon jiƙewa ya yi."

"A rubuta shi sau biyu, Madam."

Ya kamata a nan Madam ta ce babu likitan da zai zo. Ta ma buɗe baki za ta faɗa. Sai ta dubi layin, ta ga mutum sama da ɗari, kowa da sunan Nasiru a bakinsa, kuma ba ita ta sa su ba. Ta rufe bakin, ta aika a fito mata da tebur da babban rajista.

"Kowa zai ce, 'Kamar yadda Dakta Nasiru ya faɗa,' sannan ya faɗi ciwonsa, ya dangwala yatsa."

"Yaushe zai zo, Madam?"

"Za ku ji muryarsa ranar taron lakwal."

A ganinta ba ta yi ƙarya ba, tunda tana da lambar salularsa.

Kwana biyar ana rubutu. Masu ciwon kai suka zo, masu jiri suka zo, wani ya kawo ɗansa da ya faɗi jarrabawa sau uku, wata ta kawo surukinta a kan cewa duk mai hankali ba zai sayar da gero kafin kaka ta ƙare ba. Asabe ta matso da kaskonta ƙofar gidan, ta yi cinikin da ba ta taɓa yi ba, tana kuma yi wa masu layi bayanin cewa ita ma tana cikin masu binciken. Mushe Mahaman ya wuce sau biyu a kan kekensa.

"Madam darakta, gidan likita kika buɗe?"

"Ilimi nake yaɗawa, Mushe. Kana son a rubuta ka? Akwai masu irin ciwonka."

"Wane ciwo?"

"Rana tana dukan ƙwaƙwalwa kai tsaye in babu rufi."

Mutum ɗari huɗu da goma sha biyu suka dangwala yatsa. Isa ya nuna wa odinata rajistar, wannan karon bayan ya rufe taga. Ya danna. Tara.

Madam ta zauna a benci, ta sunkuyar da kai. Can ta ɗago.

"Na gane. Mai gyaran takardun ne bai iya tara maki ba. Na sha ganin irinsu a jarrabawar satifika: yaro ya ci sha huɗu, a rubuta masa huɗu. Za mu shigar da ƙara a sake ƙirga."

"Madam, ni dai da an bar..."

"Akwai inda ake rubuta musu ko babu?"

"Akwai."

"Buɗe mani takardun nasa in gani tukuna."

Isa ya jero su yana fassara mata kanun. Farfaɗiya a ƙwaƙwalwa. Barci da jijiyoyi. Wata kuma farfaɗiya. Sai ga tsutsar ciki a awakin Sahel. Sai kaska a jikin raƙuma. Sai ciwon kofato.

Isa ya dakata. "Madam, waɗannan ukun kuwa..."

"Ka gani ko? Har dabbobi. Yaron da ya bi ta hannuna ba ya tsayawa fanni guda. Rubuta."

Ta miƙe tsaye, ta sa hannu a baya, ta yi masa dikte kamar yadda ta saba, har da faɗin wurin waƙafi da aya. Ta buƙaci a ɗauki takardun nan ɗaya bayan ɗaya a sake duba su da idon basira. Don kada su ce ba su gane wanda ake nufi ba, ta ba su cikakken bayani daga kanta, ba tare da duba ko'ina ba: Nasiru Salisu Dogo, haifaffen Safo, ranar kaza ga watan kaza, digirin lisansi a Yamai, digirin dakta a Turai, bai taɓa zama wata ƙasa ba bayan waɗannan. Ta sa Isa ya karanta mata sau biyu, ta gyara masa kuskure bakwai.

"In amsa ta zo kada ka buɗe," in ji ta. "Sakamakon jarrabawa ba a leƙensa. Gaban jama'a ake shelarsa."

Amsa ta zo ana jibi taro. Isa ya zo gida ya roƙe ta ta bari ya duba ko da ido ɗaya ne. Ta ce masa abin da ya sa yake samun huɗu ke nan.

Ranar taro filin lakwal ya cika. Ƴan ƙungiyar iyaye su tara suna kan kujeru ƙarƙashin itacen bedi, shugabansu Alhaji Nura a tsakiya. Bayansu matan yaƙi da jahilci, bayan su kuma mutum ɗari huɗu da wani abu da suka zo ganin likitan kai, wasu tun daga Sarkin Yamma a amalanke. Madam ta iso cikin sabuwar shadda, ta karɓi lasifika kafin a ba ta.

Ta yi jawabi na minti ashirin. Ta faɗi yadda ta karɓi Nasiru bai san hannun damansa ba, da yadda ta tarar da makinsa a tara, da irin aikin da ta yi a mako uku. Ta ce ba ta son yabo. Sannan ta juya.

"Isa, shelanta."

Isa ya buɗe odinata a kan tebur. Ya duba, ya goge gilashin da hannun riga, ya sake dubawa.

"Madam, ko mu je gefe?"

"Ɗaga murya. Na baya ba su ji."

Ta kanga masa lasifika a baki.

"Shida," in ji Isa, sai amon ya tafi har bakin tabki.

"Sha shida," in ji Madam, tana murmushi ga jama'a.

"Shida, Madam. Babu sha. Ga wasiƙarsu." Da yake lasifikar tana bakinsa, kuma ya saba bin umarni, sai ya ci gaba da fassarawa. "Suna godiya ga Madam Bilkisu bisa cikakken bayanin da ta aiko. Sun gano cewa takardu uku na awaki da raƙuma na wani Nasiru Salisu ne daban, likitan dabbobi a wata ƙasa. Sun cire su sun mayar wa mai su. Suna fatan za ta ci gaba da taimaka musu."

Wani jaki ya yi kuka can baya. Mushe Mahaman ya cire hularsa ya duba cikinta.

"Tara a debe uku," ya ce a hankali, kamar mai koya wa ƴan aji ɗaya. "Lissafin dai daidai ne."

"Kuskure ne," in ji Madam. "Yanzu za ku ji daga bakinsa." Ta fito da salula, ta kira, ta haɗa ta da lasifika.

"Salamu alaikum, Madam," muryar Nasiru ta cika filin. "Ina wuni? Ashe ke ce. Jiya na ga an gyara shafina. Shekara biyu ina rubuta musu cewa takardun awakin nan ba nawa ba ne, ba su kula ni ba. Ke kika rubuta sau ɗaya suka miƙe. Na gode ƙwarai."

"Nasiru, shida fa. Shida bisa ashirin."

Ya yi dariya har da tari. "Madam, ba bisa komi ba ne. Ba shi da moyen. A shekaruna shida ba laifi, kuma yanzu duka nawa ne."

Ɗan Baba ya kutsa gaba ya sa baki a lasifika. "Dakta, Ɗan Baba ne na bakin tabki. Yaushe za ka iso? Tun hantsi muke nan da mai ɗakina."

"Baba, ina wuni? Iso ina?"

"Duba kawunanmu mana. Mu ɗari huɗu ne, duk mun dangwala."



"Baba, ni ba na duba mutane. Bincike nake yi a ɗakin gwaji. Da ɓeraye nake aiki."

"Da mi?"

"Ɓeraye, Baba. Ƙwaƙwalwarsu muke dubawa, don a gane ta mutum."

Asabe ce ta fara magana, ba ta ma buƙaci lasifika ba. "Bilki, sau ɗari da hamsin na rubuta sunan likitan ɓera?"

Daga nan kowa ya samu bakinsa. Na Sarkin Yamma suna tambayar wa zai mayar musu da wuninsu. Matar Ɗan Baba tana cewa ita dai a duba shi ko a hakan, ba ta ga bambanci ba. Mijin Kulu yana neman a ba shi layinsa goma sha ɗaya. Madam tana lalubar inda ake kashe salula, ta danna wani wuri, muryar ta ƙara ƙarfi.

"Madam, kamar na ji muryar Mushe Mahaman ɗazu. Yana kusa? Don Allah ki gaishe shi. Shi ne ya fara yanka mana kan kifi a aji ya nuna mana ƙwaƙwalwa. Tun ranar na san abin da zan karanta."

Alhaji Nura ya ce a ɗaga hannu. Hannu takwas suka tashi wa Mushe Mahaman. Na tara, ƙanin mijin Madam ne, ya ɗaga nasa rabi yana sosa kunne.

"Madam darakta," in ji Mushe Mahaman, "kamar akwai alkawarin tafi."

Madam ta tafa. Sau uku, a tsaye, kanta a sama, kamar mai kiran ƴan aji su shiga.

Kwana shida ba ta fita ba. Ran na bakwai Alhaji Nura ya yi sallama, ya zauna, ya daɗe yana gaisuwa. Mai fentin da aka ɗauko daga Maradi ya rubuta sunan Mushe a bango da kuskure biyu, an goge. Ga buki ya matso. Kuma duk garin an san babu mai tsara baƙaƙe kamar Madam.

"Ni zan rubuta sunan Mahaman?"

"Don yara, Madam. Kada su tashi suna karanta kuskure."

Ta ce za ta yi tunani. Kafin ya kai ƙofa ta tambaye shi tsawon bangon.

Wuni biyu ta yi a kan tsani, da zare da ma'auni, ba ta bari kowa ya leƙa ba sai da aka yaye zanen ranar buki. Rubutu ya yi kyau, babu mai musu. A sama, da shuɗin fenti: Ginin Mushe Mahaman. A ƙasa kuma, da ja, daga wannan kusurwa har waccan: Rubutawa da Tsarawa, Madam Bilkisu, Tsohuwar Darakta.

Mushe Mahaman ya ja baya taku goma, ya karkata kai, ya auna da yatsa.

"Madam darakta, kamar naki ya fi nawa girma."

"Jan fentin ne ya yi yawa, Mushe," in ji ta, tana goge hannu. "Ban son a yi asara."